Wane linzami ya dace da dokinka: na gargajiya, sinafil, felam ko gag?

Satin da ya wuce da yamma ina barga ina jiƙa dusa sai ga wani yaro ɗan garinmu, cikin yaran nan da ke jan doki a bakin ruwa wajen Lekki a nan Legas suna ɗora masu yawon shan iska ana biyansu, ya shigo janye da wani doki bidi, ko gaisuwar kirki bamu gama ba yace "Kawu dan Allah in motar Kano zata taso ka sa a taho min da linzamin gargajiya mai zafi, irin mai dogon harshen nan, dokin nan bakinsa ya mutu, ko da hannu biyu ka ja baya tsayawa, jiya saura kaɗan ya watsar da wata mata cikin ruwa." Nace toh ɗana matso min da shi tukunna. Na tsaya ta hagunsa na zura babban yatsa a gefen baki inda babu haƙori, ya buɗe. Wallahi sai da jikina yayi sanyi. Gefen leɓe duka biyu ya tsattsage yayi kanta, dasashin ƙasa ya kumbura har da wani ɗan rami mai wari, shi kuma linzamin irin na araha ne mai ƙyalli, ƙyallin ya ɓare bakinsa ya zama kamar reza, sannan ya fi bakin dokin faɗi da kusan yatsa biyu, in an ja dama sai ya zuge ta cikin baki ya tafi dama. Dokin nan gudun ciwo yake yi, yaron kuma yana neman abin da zai ƙara masa ciwon.

Ba laifin yaron na gani ba, haka aka koya masa, kuma haka mafi yawanmu muka taso muna ji, wai doki in yayi gardama a ƙara masa ƙarfe. Ni a bargar wani hakimi na tashi a ƙasar Katsina inda mahaifina yake kula da dawaki, daga baya na zo Legas na yi shekaru ina riƙe wa wani Alhaji dawakinsa na folo, wato wasan ƙwallon dawaki, a Ikoyi, don haka na riƙe linzamin maƙeranmu na kuma riƙe na Turawa, kowanne na ga amfaninsa na ga ɓarnarsa. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani don masu tambayata wanne zasu saya.

Kafin maganar ƙarfe sai ka san inda ƙarfen yake kwanciya. A bakin doki tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili da babu haƙori, nan linzami yake zama. Filin nan ƙashi ne mai ɗan kaifi da fata siririya a kansa, babu tsoka babu kitse. Taɓa ƙashin ƙaurinka ka ji, toh kusan haka yake, sai dai nasa yafi naka jin zafi. Ga harshe kuma ya cika bakin dam, sama ga ganɗa. In ingarma ne, daga shekara 4 zuwa 5 fiƙa take fito masa a wannan filin, goɗiya yawanci bata da ita. Toh duk wani linzami da ka sani a duniya aikinsa danna ɗaya ko biyu ko fiye daga cikin wuraren nan ne: harshe, dasashi, gefen leɓe, ganɗa, ƙarƙashin haɓa, da ƙeya bayan kunne. In ka gane wane wuri linzami yake dannawa da kuma ƙarfin da yake dannawa da shi, ka gama gane shi ko baka san sunansa ba.

Kuma duk yawansu gida biyu ne. Akwai wanda yadda ka ja haka doki zai ji, ka ja kaɗan yaji kaɗan. Akwai kuma mai ƙafa, wato mai ƙarfe da ya sauko ta gefen baki aka ɗaura kamazuru, wato igiyar da mahayi ke riƙewa, a ƙasansa, shi wannan ninka jan yake. Ka taɓa ganin bakanike noti ya ƙi kwancewa ya zura fayif a jikin sifana ya ƙara mata tsawo? Haka ƙafar linzami take. In abin da ke saman baki inci 1 ne na ƙasa inci 3, jan da kayi sai ya isa bakin kusan ninki uku. Mutum yana ganin ai ɗan taɓawa yayi, doki kuwa muƙamuƙinsa ne a matse.

Bari in fara da namu tunda shi yaron ya nema. Linzamin gargajiya, wanda maƙera ke bugawa kake samunsa a Kasuwar Kurmi a Kano da sauran garuruwan sarauta, mai ƙafa ne, kuma cikin masu ƙafar ma yana sahun gaba wajen zafi. Yana da harshen ƙarfe da ke kwanciya kan harshen doki, sannan da zobe da aka maƙala a jikin harshen wanda ke zagaye muƙamuƙin ƙasa gaba ɗaya ya fito ƙarƙashin haɓa. In ka ja, harshen ƙarfen ya miƙe ya doki ganɗa, zoben ya matse haɓa, dasashi yana tsakiya, wuri uku a lokaci ɗaya. Irin wannan ƙirar ta Larabawan Arewacin Afirka ce, ta hanyar fatauci ta Sahara ta iso mana, sunan ma daga Larabci ne, lijam, kamar yadda sirdi da likkafa suma daga can suke. Kuma an yi shi ne don yaƙi. Barde hannunsa ɗaya na riƙe da mashi ko takobi, ɗayan kaɗai ne a kan kamazuru, yana so doki ya tsaya cak ko ya juya cikin ƙiftawar ido. Abin da kake gani a jafi ranar hawan sallah kenan, a taho a sukwane a zo gaban sarki a zame.

Abin da mutane suka manta shine tsofaffin mahaya basa jan wannan linzamin. Mahaifina Allah ya jiƙansa kamazurunsa kullum a sake yake kamar igiyar shanya, da yatsa biyu yake riƙewa, in zai tsaya zama yake gyarawa a sirdi ya ɗan ɗaga hannu, dokin yaji nauyin ƙarfen ya motsa tun kafin ya taɓa ganɗa sai ya tsaya. Watanni ake yi ana koya wa doki wannan. Ya kan ce min duk ranar da ka ga jini a bakin dokin da ka hau, ka sauka ka ja shi a ƙasa har gida. Yanzu kuwa sai ka ga yaro ya ari doki ranar sallah yana fizga don doki yayi tsaye a ɗauki bidiyo a sa a TikTok, kumfa ja tana zuba ana tafi ana cewa doki mai zafi. Ni abin yana ƙona min rai sosai. Don haka hukuncina kan na gargajiya a taƙaice yake: in kai gwani ne, dokinka horarre ne, hawan na ado ne na 'yan awoyi, bismillah, ka duba dai harshen kar yayi tsini kuma zoben ya zama sumul babu kaushi. Amma dokin da baƙi ke hawa, ko ɗukushi da ake fara wa horo, ko hawan kullum, kar ka kusance shi. Wanda bai taɓa hawa ba in ya tsorata kamazuru yake riƙewa ya rataya da duk nauyinsa, da wannan linzamin kuwa dokin ko ya miƙe tsaye ya faɗo ta baya ko harshensa ya yanke, na ga dokin da harshensa ya kusa rabuwa biyu a haka, har ya mutu da tabon.

Sai sinafil, wanda shine kishiyarsa. Ƙarfe ne da zobe ɗaya a kowane gefe, kamazuru a jikin zoben kai tsaye, babu ƙafa babu sarƙa. Yadda ka ja haka yake ji. A nan zan daɗe don shine abin da kashi mafi yawa na masu doki a Legas ya kamata su riƙe, kuma shi kansa kala-kala ne, mutane na ɗauka duk ɗaya ne.

Fara da abin da ke cikin baki. Akwai mai gaɓa ɗaya a tsakiya, shine ya fi yawa a kasuwa. Matsalarsa in aka ja da ƙarfi sai ya naɗe kamar almakashi, gefe biyu su matse dasashi, gaɓar kuma ta tashi sama, in dokin ganɗarsa a ƙasa take sai ta riƙa dukanta, alamar da zaka gani shine yana wage baki yana ɗaga kai duk sanda ka ja. Akwai mai gaɓa biyu da ɗan guntun ƙarfe a tsakiya kamar ƙwallon dabino, wannan yana bin lanƙwasar harshe ya kwanta luf, baya tashi ya doki sama. Ni in mutum yace min kuɗin linzami ɗaya tak gare shi, wannan zance ya saya, ban taɓa sa wa doki shi ya ƙi ba sai ƙalilan masu ƙin nauyi a harshe. Akwai kuma miƙaƙƙe mai ɗan lanƙwasa marar gaɓa, yana da sauƙi ƙwarai amma bai cika bada juyi mai kyau ba tunda in ka ja gefe ɗaya duka yake motsawa, wasu dawakin kuma sai su kwanta a kansa suna janka. Sannan akwai murɗaɗɗe kamar igiya ko siririn waya, shima sinafil ake ce masa amma sunan ne kawai, zarto ne, bar shi inda ka gan shi.

Sai zoben gefe. Mai zobe sakakke wanda ke juyawa cikin rami, yana sa doki ya riƙa wasa da ƙarfen yana taunawa baki ya jiƙe, kuma da wuya ya kama shi ya riƙe, amma ramin nan yana mintsinin leɓe musamman in ya fara cinyewa, a bakin ruwa kuwa yashi na shiga wajen yana gogar fata. Mai zobe kafaffe, ko mai siffar ƙwai ko mai siffar harafin D, baya mintsini, yana zama wuri ɗaya, ko hannun mahayi na rawa bai cika isa bakin ba. Akwai mai dogayen sanduna sama da ƙasa a gefe, shi in ka ja dama sandar hagu ce ke tura fuskar dokin, kuma bazai taɓa zugewa ta cikin baki ba, don haka yake da kyau wajen koya wa ɗukushi juyi, sai dai ka kula sandar na iya maƙalewa a jikin wani abu ko rigar mai ja. Ga dokin haya ni D nake zaɓa, mai gaɓa biyu.

Nasan abin da wasu zasu ce, "oga ai sinafil baya tsayar da doki." Gaskiya ne dokin da aka saba masa da azaba, ranar farko da ka sa masa sinafil zai ji kamar babu komai a bakinsa. Amma wannan aikin horo ne na sati biyu zuwa uku a fili ƙarami, tafiya, tsaya, saki, tafiya, tsaya, saki. Sakin nan da kake yi daidai lokacin da ya tsaya shine yake koya masa. Yaran bakin ruwa basa saki, daga safe har magariba kamazuru a ɗame, toh me zai sa doki ya tsaya tunda ko ya tsaya ko bai tsaya ba zafin ɗaya ne?

Yanzu na 'yan folo, felam da gag, don su ne ke yawo a hannun mutanenmu a Legas. Kulob ɗin folo na Ikoyi tun 1904 yake, kuma mafi yawan masu kula da dawakin wajen 'yan Arewa ne, don haka tsofaffin kayan da iyayen gida suka daina amfani da su suna fitowa a sayar tokumbo, daga nan su isa Agege, Obalende, Idi-Araba har bakin ruwa. Mutum sai ya saya don ya ga na masu kuɗi ne bai san aikinsa ba.

Felam linzami biyu ne a jiki ɗaya. Yana da zobe daidai baki, yana da ƙafa da wani ƙaramin zobe a ƙasa, da sarƙa da ke bi ta ƙarƙashin haɓa. Kamazuru biyu ake sa masa. Na sama in ka ja kamar sinafil ne, na ƙasa in ka ja ƙafar ta juya, sarƙa ta matse haɓa, ƙeya taji nauyi, doki ya sunkuyar da kai ya tattaro jikinsa. Wato ɗan'uwan na gargajiya ne amma mai sauƙi, tunda babu dogon harshe mai dukan ganɗa, kuma sarƙar kana iya sassauta ta ko ka sa mata rigar roba ko fata, zoben namu kuwa yadda maƙeri ya buga shi haka yake. Sarƙar nan ita ce inda kowa ke kuskure. Sai ka murɗa ta har ta kwanta shimfiɗe sumul kafin ka maƙala a ƙugiya, sannan yatsa biyu su iya shiga tsakaninta da haɓa, yadda sai ƙafar ta juya kamar digiri 45, wato rabin kusurwar ɗaki, kafin ta kama. In ta matse da yawa doki baya samun gargaɗi, taɓawa ɗaya sai zafi. In tayi sako-sako ƙafar ta wuce ta miƙe ta zama banza. Wasu na sa ɗan madaukin fata da ke haɗe zoben sama da na ƙasa su hau da kamazuru ɗaya, yana aiki, amma ka rasa amfanin zaɓin nan na sauƙi da zafi. Akwai ƙaninsa da ake ce wa kimbawik, zobe D da sarƙa, kamazuru ɗaya, ninkinsa kaɗan ne, ga wanda dokinsa ke da ƙarfi shi kuma hannunsa bai saba da igiya biyu ba.

Gag kuwa dabam yake. Da ido kamar sinafil ne mai manyan zobba, amma kowane zobe na da huda sama da ƙasa, igiya ta taho daga ƙeya ta ratsa hudojin ta zarce ta zama kamazuru. In ka ja, ƙarfen ne ke hawa sama cikin baki ya ɗage gefen leɓe, ƙeya kuma a danne. Amfaninsa ɗaga kan dokin da ke sunkuyawa ya kwanta a hannu yana gudu da kai. Kaga bambancin kenan da mutane basa lura: felam yana saukar da kai, gag yana ɗagawa. In dokinka dama mai ɗaga kai ne yana kallon sama ka sa masa gag, ka ƙara masa cutar. In kuma mai cusa haɓa a ƙirji ne yana gudu ka sa masa felam, shima haka. A folo dole suke bukatarsu, don doka ce sanda a hannun dama kamazuru duka a hagu, fili yadi 300 ne, ana gudu kamar iska a tsaya a juyo, amma ka tuna kowane zagaye minti 7 ne da ɗan ɗori a sauka a canza doki, kuma da gag ɗin akwai igiyar da ke ɗaure hanci da majayi, wato ɗamarar sirdi, don kar kai ya wuce misali. Dawakin nan da safe in muka fita da su kilisa sinafil muke sa musu ko ragama, gag sai ranar wasa. Toh kai da zaka sa wa doki gag daga ƙarfe goma na safe har faɗuwar rana ana hawa ana sauka, ka ɗauko abin minti bakwai ka mai da shi na wuni.

Ana cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, toh akwai dokin da shima a halin da yake ciki kowane linzami ya fi ƙarfin bakinsa, kamar bidin yaron nan. Irin wannan sai a hau shi babu ƙarfe. Ragama mai kyau da aka ɗaura wa igiya ta gefe biyu ta isa, musamman dokin da ake ja a ƙasa baƙo na zaune kawai, shi wannan ma me zai yi da linzami? Ka bar wa baƙon igiya a jikin ragama ya riƙe ya ji daɗi, iko na hannun mai ja. Akwai na Turawa da ake ce wa hakamo, mai danna hanci da haɓa, amma kar ka ɗauka don babu ƙarfe a baki shikenan babu zafi, mai dogayen ƙafafu yana ninkawa kamar felam, kuma in ka sa shi ƙasa-ƙasa kan guringuntsin hanci yana toshe numfashi har ya iya fasa siririn ƙashin wajen, doki kuwa ta hanci kaɗai yake numfashi. Abin da nake roƙo a daina shine ɗaure muƙamuƙin ƙasa da igiyar nailan, ina gani a bakin ruwa, yanka take kamar wuƙa.

Duk wanda ka zaɓa, in awo bai yi ba aikin banza ne. Samo sanda sumul mai kaurin biro, sa masa a baki inda linzami ke zama, yi alama daidai leɓe ta kowane gefe, ka auna da tef ɗin tela. Yawancin linzaman da ke shigowa inci 5 ne zuwa 5 da rabi don an yi su ne saboda manyan dawakin waje irin na Ajantina da Ingila, namu na gida kuwa da na sha aunawa bakinsu siriri ne, inci 4 da rabi zuwa 5. Ka bar kamar rabin santimita ta kowane gefe in mai zobe sakakke ne, kafaffe kuma ya ɗan fi haka matsowa. Kauri kuma, da ana cewa mai kauri ya fi sauƙi, gaskiya ne siriri ya fi yanka, amma bakin dokinmu ba shi da fili, in ka cusa masa mai kauri sosai baya iya rufe baki. Milimita 14 zuwa 16 ya ishi yawancinsu. Tsayi kuma, ka ja madaurin kai har ka ga ƴar tattara ɗaya ko biyu a gefen leɓe. In yayi ƙasa zai riƙa bugun fiƙa kuma doki ya koyi ɗora harshe a kansa, in yayi sama kullum leɓe a ɗame.

Maganar irin ƙarfe a Legas ba ƙaramar magana bace saboda damshi da iskar gishiri. Baƙin ƙarfen maƙera a Katsina sai ya shekara a rataye lafiya, a nan sati biyu cikin damina yayi ja. Ƴar tsatsa sama-sama ba matsala bace, akwai ma linzaman waje da ake yi da baƙin ƙarfe da gangan don dawaki na son ɗanɗanonsa yana kawo musu yawu, amma in ta ci ta fara ramuka da kaushi a jefar. Mai ƙyallin nan na araha da aka yi wa wanka da fenti shine mafi sharri don ɓarewa yake. Silba marar tsatsa ta gaske ita ce ta garin nan, ko da tokumbo ce. In zaka saya tafi da ɗan maganaɗisu, mai kyau yawanci baya kamawa ko ya kama kaɗan, mai wankan fenti kuwa caraf zai manne. Sannan ka shafa shi a bayan hannunka ko leɓenka, ka girgiza gaɓoɓin ka ga ko sun cinye sun yi kaifi. Mai jan ƙarfe a tsakiya yana da kyau amma yana saurin cinyewa. Na roba yana da laushi, sai dai in baki a bushe yake yana gurzar leɓe, in kuma dokin mai tauna ne wata ɗaya ya isa ya tattauna shi yayi ƙaya. Kuma dan Allah a riƙa ɗauraye linzami da ruwan famfo duk bayan hawa, busasshen yawu da yashi da dusa in suka daskare kamar sanfefa suke, kar kuma a bar shi a rana a ɗauko da zafinsa a cusa a baki.

Wani abin da ban sani ba sai da na zo Legas na ga likitan dawaki na yi shine gyaran haƙori. Turamen doki basa daina fitowa sai ya tsufa sosai, kuma saboda muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefensu sai yayi tsini, na sama ya yanki kumatu na ƙasa ya yanki harshe. Sau ɗaya a shekara ake goge su da wani dogon magagari. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin haƙori da kan fito wa wasu daf da turmin farko, daidai inda linzami ke bugawa, shi cirewa ake. Mun taɓa samun wata goɗiya da maigida ya canza mata linzami har kala huɗu tana ta kaɗa kai, nace ranka ya daɗe a duba bakin, aka duba aka cire ɗan haƙorin nan, ta koma kan sinafil ɗinta na farko lafiya lau. In ka ga doki na zubar da abinci dunƙule-dunƙule yana ci, ko hatsi na fita a kashinsa bai narke ba, ko yana karkatar da kai gefe ɗaya, nemi likita kafin ka nemi maƙeri.

Ga mai son ya gane abin da nake faɗa a jikinsa, ka ɗora linzamin a kan ƙaurinka, in mai sarƙa ne ka zagayo da sarƙar ta baya, ka ba wani kamazuru ya ja kamar yadda kake ja. Haka nayi wa yaron nan da felam ɗin da ke rataye a barga, na ja ƙasan kaɗan da yatsa biyu, yayi tsalle yace "wayyo Kawu!" Nace toh wannan felam ne, wanda kake so a kawo maka daga Kano ya ninka shi.

Mun wanke wa bidin baki da ruwan gishiri mai ɗumi, na haɗa shi da likita ya duba ramin dasashin don in ƙashi ya taɓu sai an yi aiki, Allah ya taimaka bai kai can ba. Nace sati uku ƙarfe kar ya shiga bakin nan, da ragama zaka yi sana'arka kana ja a ƙasa, sukuwa da baƙo kuma a bari, dusar ma a jiƙa ta sosai. Na auna bakin, inci 4 da kwata uku, na ɗauko wani tsohon sinafil D mai gaɓa biyu na ajiye masa a ƙusa. Shekaranjiya ya kira ni yace kumburin ya faɗa, dokin ya fara cin harawa da kyau, wai ko zai zo ya karɓi linzamin. Nace a'a saura sati biyu, in sun cika ka kawo shi ranar Litinin da sassafe lokacin babu kowa a bakin ruwa, ni zan fara hawa.